Ba ɗan Rasha ne kaɗai ya durƙusar da TVR ba

Tambaya: Malam, na ga hotunan motocin TVR na Ingila a intanet, kuma duk wanda ya yi maganarsu yabo yake yi. In har sun kai yadda ake faɗa, me ya sa kamfanin ya mutu? Wani ya ce mini ɗan wani attajirin Rasha ne ya saye shi ya kashe shi. Haka ne?

Ɗan'uwa, wanda ya gaya maka haka bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya ba ka. Gaskiya ne Nikolai Smolenski ya sayi TVR a 2004 yana ɗan shekara 24, kuma a hannunsa masana'antar ta rufe a ƙarshen 2006. Sai dai tun kafin a haife shi kamfanin nan ya durƙushe har sau uku, a 1958 da 1962 da 1965, kuma a kowane karo akwai masu son motar. Abin da ke kayar da TVR tun fil azal shi ne kuɗin da ke fita kullum yana riga wanda ke shigowa, kuma yawan motocin da ake ƙerawa bai taɓa isa ya ɗauki nauyin babban kuskure ko da guda ɗaya ba. Bari in faro maka daga yadda ake haɗa motar, don a nan bashin yake fara taruwa.

Kamfanin ɗan garin Blackpool ne, a bakin teku a arewa maso yammacin Ingila, garin da aka fi sani da masu zuwa hutu. Trevor Wilkinson ya bar makaranta yana ɗan shekara 14 ya shiga koyon aikin gareji. A 1946 ya buɗe nasa wurin gyara, bayan shekara ɗaya ya sa masa suna TVR, sannan a 1949 ya haɗa motarsa ta farko da ƙaramin injin Ford. Wadda ta fara fitar da sunan kamfanin ita ce Grantura ta 1958, ƙaramar mota mai kujera biyu, kuma tsarin da aka bi wajen haɗa ta shi aka yi ta bi har ranar da aka rufe ƙofa.

Ga tsarin. Ana yanka bututun ƙarfe a yi musu walda su zama ƙashin motar. Bodin kuwa na faiba ne. Ma'aikaci zai shafe cikin abin zubi, ya shimfiɗa zaren gilas, ya bi shi da burushi yana shafa danƙo, ya danne har iskar da ta maƙale ta fita, ya ƙara wani shimfiɗin a kai, a bar shi ya bushe. In an ciro sai a datse gefe, a goge, a cike ƴan ramuka, a sake gogewa kafin a kai ga fenti. Inji da giya da birki da fitilu duk sayowa ake yi daga manya: Ford, MG, Coventry Climax, har kayan ƙafa na Volkswagen Beetle aka sa wa Grantura ta farko.

Alherin wannan tsari a fili yake. Ba ka buƙatar manyan injinan matse ƙarfe da ke cin miliyoyi kafin ka fitar da ƙofa ɗaya, don haka mai ƙaramin jari zai iya shiga harkar. Motar kuma ba ta da nauyi, ƙaramin inji ma zai sa ta tashi. Sharrinsa kuwa sai wanda ya zauna da littafin lissafin kamfani yake ganinsa. Babban kamfani irin Ford yana kashe kuɗi mai yawa a farko, amma kowace mota da ya ƙara tana rage kuɗin da ke kan ƴar'uwarta. A TVR hannun mutum ne ke yin kusan komai, mota ta 1,000 tana cin sa'o'in aiki kusan daidai da mota ta 10. Ko kasuwa ta buɗe, ribar kowace mota ba ta faɗaɗa sosai. In kasuwa ta tsuke kuwa, albashin masu walda da masu faiba da masu ɗinkin kujera yana nan sai an biya duk mako.

A shekarun farko akwai wani abu da ya ɗan rufa asiri. Dokar Birtaniya ta lokacin ba ta ɗora harajin saye a kan motar da aka sayar da ita gunduwa-gunduwa mai ita ya haɗa a gidansa, don haka TVR da takwarorinsa irin Lotus suka riƙa sayarwa a haka, motar ta sauko da farashi sosai. Wannan ƙofa ta rufe a 1973 da aka kawo harajin VAT.

Faɗuwar farko ta ƙarshen 1958 ta rashin jari ce tsantsa. Akwai oda, har daga Amurka, amma ba kuɗin sayen kayan haɗi, motoci ba sa fita a kan lokaci. Aka rushe kamfanin aka kafa sabo da sunan Layton Sports Cars, sababbin masu kuɗi suka shigo, ikon Wilkinson ya fara raguwa, har ya bar kamfanin gaba ɗaya a 1962. A shekarar ce shugabannin suka zuba abin da ba su da shi a tseren ƙasa da ƙasa, suka kai motoci Sebring a Amurka da Le Mans a Faransa, da fatan suna zai kawo ciniki. Motar da ta shiga Le Mans ta yi zafi ta tsaya tun a farkon tseren. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya gaza biyan bashi.

Ta uku ita ce ta fi koyar da darasi. Wani dilan Ford a New York, Jack Griffith, ya sa babban injin V8, wato mai silinda takwas, mai lita 4.7 a cikin ƴar ƙaramar Grantura. Abin da ya fito mota ce mai ban tsoro wajen gudu, aka sa mata sunansa, Amurkawa suka yi ta nema. TVR ya koma tura motoci ba inji zuwa Amurka, Griffith yana sa musu inji a can, kusan rayuwar masana'antar duka ta rataya a wuyan mutum ɗaya. Sai ma'aikatan tashoshin jiragen ruwa na gabashin Amurka suka shiga dogon yajin aiki. Motoci suka maƙale, Griffith bai sayar ba, bai biya ba, a 1965 aka rufe TVR. Ka lura, ba wanda ya ce motar ba ta da kasuwa. Makonni ne kawai kuɗi bai shigo ba, kuma babu ajiyar da za ta riƙe kamfanin.

Irin wannan rayuwa ka san ta a wurin telan da ke karɓar kafin alƙalamin mai ɗinkin sallar bana ya sayo zaren da zai ƙarasa ɗinkin wanda ya biya tun watan jiya. Muddin sababbin masu kawo ɗinki suna zuwa ba wanda zai gane, ranar da suka yanke kuwa duk da ƙwarewarsa sai ya rufe shago. Ƙananan kamfanonin mota na Ingila da yawa haka suka rayu, kuma haka Marcos da Jensen suka sha faɗuwa.

A ƙarshen 1965 Arthur Lilley da ɗansa Martin suka sayi abin da ya rage. Martin dilan TVR ne kuma mai son motar. Sun tarar da masu kawo kaya a fusace saboda bashin da ba a biya su ba, sai da suka yi lallashi. Zamaninsu shi ne na farko da kamfanin ya zauna da gindinsa: suka fito da Vixen a 1967, suka koma babbar masana'anta a Bristol Avenue a ƙarshen 1970, suka fito da jerin motocin M a 1972. Gobara ta ci masana'antar a Janairun 1975, suka farfaɗo. Abin da ya kayar da Martin Lilley sabuwar mota ce. Tasmin ta 1980 ta cinye kuɗin kamfanin wajen ƙirƙira, ta fito da siffa mai kusurwoyi da mutane da yawa ba su so ba, ta fi waɗanda ta gada tsada nesa ba kusa ba, ga tattalin arzikin Birtaniya a cikin matsi. A ƙarshen 1981 ya miƙa kamfanin ga ɗaya daga cikin masu sayen motarsa.

Wannan mutumin shi ne Peter Wheeler, injiniyan sinadarai da ya yi kuɗi wajen sayar wa kamfanonin haƙar mai na Tekun Arewa kayan aiki. Duk TVR da ka gani a hoto ta burge ka, kusan tabbas ta zamaninsa ce. Ya riƙe kamfanin daga 1981 zuwa 2004, shi kaɗai ke yanke hukunci, ba kwamiti, ba masu hannun jari da ke jiran rabon riba duk shekara. Wannan ne ƙarfin kamfanin a hannunsa, kuma daga nan rauninsa ya fito daga baya.

Matakinsa na farko mai kyau shi ne injin Rover V8 da ya fara sawa a 1983. Bakaniken da ya taɓa buɗe tsohuwar Range Rover ko Discovery ya san injin nan: na alminiyam ne, ba nauyi, asalinsa na Buick ne Rover ya sayi izinin ƙerawa, kayan gyaransa a ko'ina, kuma an riga an gama gano duk cututtukansa. A cikin dalilan da ake kawowa na barin injin Ford har da cewa ƙasashen Larabawa na ƙaurace wa kayan Ford a lokacin, motar da ke ɗauke da injinsa ba ta shiga kasuwarsu. Na biyu, a 1986 ya nuna motar S, wadda ta koma tsohuwar siffa mai lanƙwasa da farashi mai sauƙi. An sayar da fiye da 2,500, kuma ita ta samar da kuɗin abin da ya biyo baya.

A bajekolin motoci na Birmingham a 1990 aka buɗe sabuwar Griffith, mutane suka yi ta ajiye kuɗi har aka tara oda ɗaruruwa kafin a tashi. Griffith 500 mai lita 5 kamfanin ya ce tana da ƙarfin doki 340, alhali nauyinta kaɗan ya ɗara tan ɗaya. Tana kamo Ferrari da Porsche a hanya, kuɗinta kuwa bai kusanci nasu ba. Chimaera ta biyo baya a 1993 da ɗan sauƙin tuƙi da wurin kaya, aka sayar da fiye da 5,000, ba a taɓa TVR da ta kai ta ciniki ba. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin yana fitar da mota fiye da 1,500 a shekara. A harkar ƙananan masu ƙera motar gudu wannan babban adadi ne, amma babbar masana'anta guda ɗaya ta Toyota ko Volkswagen tana yin irinsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Riƙe wannan a ranka, don shi zai bayyana maka abin da ke tafe.

A 1994 BMW ya sayi Rover. Wheeler bai so rayuwar kamfaninsa ta koma hannun Jamusawa ba, ga kuma injin ya tsufa, dokokin hayaƙi na Turai suna ƙara tsanani. Sai ya yanke shawarar TVR ya ƙera injinsa da kansa. Injiniya Al Melling ya zana V8 ɗin da aka kira AJP, wanda ya fito a cikin Cerbera a 1996, sannan aka yi mai silinda shida a jere, Speed Six, wanda daga 1999 ya zama zuciyar Tuscan, daga baya Tamora da T350 da Sagaris.

A nan nake ganin aka ɗaura wa kamfanin dutsen da ya nutsar da shi, kuma ina faɗar haka ne da girmama mutumin, don abin da ya yi jarumta ce da wuya ka samu irinta. Zana inji mai ƙarfi ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce gwaji: a ɗora injuna da dama a kan na'ura su yi dubban sa'o'i suna aiki, a kai motoci cikin sanyi da cikin zafi, a farfasa injin a auna abin da ya ci, a canja ƙarfe, a koma farko. Mu ɗauki misali kawai, a ce aikin duka ya ci fam miliyan 10. Kamfanin da zai sa injin a mota miliyan ɗaya, fam 10 ne ya hau kan kowace. Wanda zai sa shi a mota 5,000, fam 2,000 ne a kan kowace tun kafin ya sayi ƙusa ɗaya. Ƙaramin kamfani ba shi da hanyar biyan wannan, don haka abin da ke faruwa shi ne a taƙaita gwajin, mai sayen mota ya zama shi ne ɗan gwaji ba tare da ya sani ba.

Haka ta faru da Speed Six na farko-farko. A saman injin akwai ƴan ƙananan ƙarafa masu kama da yatsu da ke tsakanin kamshaf da bawul. A injuna da yawa waɗannan yatsun sun riƙa cinyewa da wuri, su ci kamshaf ɗin tare da su. Mai mota zai fara jin ƙara ƙas-ƙas daga sama, kafin ya ankara an ce masa sai an sauke inji an sake gina shi, motar kuwa ba ta yi wata tafiyar kirki ba. In tana cikin garanti, kamfani ne zai biya, ribar motar duka ta tafi har da ƙari. In ta fita garanti, mai ita ne zai biya, kuma zai gaya wa duk wanda ya sani. Zamanin ya zo daidai da yaɗuwar intanet, labarin da a da zai tsaya a gareji ɗaya ya koma kowa yana karantawa kafin ya je wurin dila. Yau ƙwararrun masu gyara a Ingila suna sake gina injin nan da ingantattun ƙarafa ya yi aiki lafiya, abin da ke nuna maka zanen ba banza ba ne, lokacin gwaji da kuɗinsa ne suka yi ƙaranci.

Ka kwatanta da Morgan, wani ƙaramin kamfanin Ingila a garin Malvern. Shi ma injin Rover V8 ɗin nan yake sa wa Plus 8 tun 1968, shi ma ya ga abin da Wheeler ya gani. Morgan bai taɓa ƙera injinsa ba. Da lokaci ya yi sai ya je wurin BMW ɗin da Wheeler ke gudu ya sayi inji, ya fito da Aero 8 a 2000. Lotus ya koma sayen injin Toyota, kuma tun 1986 kusan kullum akwai mai kuɗi a bayansa: General Motors, daga baya Proton na Malesiya, sannan Geely na Sin tun 2017. Morgan da Lotus suna nan suna ƙera mota.

Ana cikin haka kasuwar ma ta canja. A farkon shekarun 1990 in kana son mota mai kujera biyu, buɗaɗɗen sama, mai gudu, a kuɗin da ma'aikaci mai albashi mai kyau zai iya, zaɓinka kaɗan ne. Daga 1996 sai ga Porsche Boxster, ga BMW Z3, ga Mercedes SLK, daga baya Honda S2000 da Nissan 350Z. Ba wadda ta kai TVR gudu ko ruri, amma suna tashi duk safiya, ruwan sama ba ya shiga, ga dila a kowane gari. Porsche kansa ya kusa faɗuwa a farkon shekarun 1990, abin da ya cece shi shi ne ya koyi tsarin aiki daga Japanawa, ya sa Boxster da 911 suka yi tarayya a kayan haɗi masu yawa, sannan a 2002 ya fito da jif ɗin Cayenne da ke kawo kuɗin ciyar da motocin gudu. TVR ba shi da wata saniyar tatsa irin wannan.

Akwai kuma batun kariya. Wheeler ya ƙi sa birkin ABS mai hana taya kullewa in an taka birki, da jakar iska da na'urar hana santsi, yana ganin suna sa direba ya saki jiki fiye da kima. Masoyan motar sun so wannan, don sun ce ita ce mota ta ƙarshe da direba ke tuƙa ta da hannunsa da ƙafarsa. Amma ta fuskar ciniki hakan ya rufe ƙofofi. TVR ya riga ya fice daga Amurka tun ƙarshen shekarun 1980, kuma komawa na buƙatar gwaje-gwajen karo da na hayaƙi masu cin kuɗi. Amurka ce babbar kasuwar motar gudu a duniya. Kamfanin ya zama kusan duk cinikinsa a Birtaniya yake, in ƴan Birtaniya suka juya baya ba inda za a kai motar. Kuma sun fara juyawa. Kafin Wheeler ya sayar a Yulin 2004, ciniki ya riga ya sauko nesa da inda yake a ƙarshen shekarun 1990.

To yanzu mu zo kan wanda ka tambaya. Mahaifin Nikolai shi ne Alexander Smolensky, mai bankin SBS-Agro da ya rushe a rikicin kuɗin Rasha na 1998. Jaridu sun ruwaito cewa ɗan ya biya kusan fam miliyan 15. In za a yi adalci, ya gane cutar: ya mai da hankali kan ingancin aiki, ya ƙara tsawon garanti, kuma Sagaris da ta fito a 2005 mutane da yawa na ganin ita ce TVR mafi kyawun haɗi. Amma suna in ya ɓaci ba ya gyaruwa a shekara ɗaya, shi kuwa ba shi da haƙurin jira. Shugabanni suka riƙa shiga suna fita, sanarwar yau ta saɓa wa ta jiya. Motocin da ake fitarwa suka sauko daga kusan 12 a mako zuwa 3 ko 4. A Afrilun 2006 aka sallami ma'aikata 71, ga wa'adin hayar masana'antar Bristol Avenue yana ƙarewa. Aka ce za a koma wani wuri a Blackpool, sai kuma a Oktoba aka ce za a mai da aikin Turin a Italiya. Duk mai niyyar ajiye kuɗi a kan sabuwar mota da ya ji haka sai ya janye hannu, don ba wanda ke biyan kafin alƙalami ga kamfanin da bai san inda zai kwana ba. A Nuwamba masu motocin suka yi jerin gwano da ɗaruruwan TVR a tsakiyar Landan suna roƙon a bar aikin a Ingila.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka ƙarasa. Kafin faɗuwar an riga an rarraba kamfanin gida-gida, ɓangaren masana'anta da ma'aikata aka ware shi da sunan Blackpool Automotive. Wannan ɓangaren ne ya shiga hannun masu kula da kamfanonin da suka gaza biyan bashi a Disambar 2006, ana gab da Kirsimeti. A Fabrairun 2007 sai aka ji Smolenski ya sake saye kadarorin daga hannunsu. Suna ya koma wurinsa, ma'aikatan da wasunsu suka yi shekaru gommai suna shaƙar ƙurar faiba suka tafi gida. Doka na iya ba da damar irin wannan, amma ni ban ga adalci a ciki ba, kuma a nan laifinsa yake da gaske. Bayan nan ya riƙe sunan shekara shida yana alkawura ba tare da sabuwar mota ta shiga kasuwa ba, har a 2012 aka ruwaito yana maganar sa sunan TVR a kan injinan samar da lantarki daga iska. Wilkinson ya rasu a 2008, Wheeler a 2009.

Da wani ne mai haƙuri da aljihu mai zurfi ya saya a 2004, zai iya cetowa? A ganina zai iya, amma da sharaɗin ya yi abin da masoyan motar ba za su so ba: ya ajiye injin gida ya sayo na wani, ya sa kayan kariya, ya kashe kuɗin shiga Amurka da Turai, ya yarda ya yi shekaru yana asara. Fam miliyan 15 kuɗin shiga ƙofa ne kawai, aikin gaske ya ninka haka.

Hujjata ita ce abin da ya biyo baya. A 2013 wasu ƴan kasuwar Birtaniya ƙarƙashin Les Edgar, wanda ya yi kuɗinsa a harkar wasannin kwamfuta, suka sayi sunan. Sun kauce wa kurakuran baya ɗaya bayan ɗaya. Gordon Murray, wanda ya zana motocin tsere na Brabham da McLaren, shi ya yi musu zane. Inji na Ford ne, V8 mai lita 5 da kamfanin injinan tsere na Cosworth ya gyara. An sa ABS da jakar iska. A Satumbar 2017 aka nuna sabuwar Griffith a bikin motoci na Goodwood a Ingila, farashi fam 90,000, mutane ɗaruruwa suka ajiye kuɗi, da yawansu fam 5,000 kowanne. Gwamnatin yankin Wales ta ba da rancen fam miliyan 2, ta sayi kashi 3 cikin 100 na hannun jari a kan fam 500,000, ta kuma ɗauki nauyin gyara masana'anta a Ebbw Vale, yankin da ke ƙishirwar aikin yi tun bayan rufe masana'antar ƙarfe.

Mota ta yi kyau, masu saye suna jira, gwamnati ta sa hannu, amma jarin da zai kafa layin ƙira ya sayo kayan haɗin motocin farko bai taru ba. Gyaran ginin ya yi ta jinkiri, annobar korona ta zo, aka yi ta ɗaga ranar fara aiki daga shekara zuwa shekara. Kamfanin ya biya rancen, amma har ƙarshen 2023 ba a miƙa wa mai saye ko ɗaya mota ba, yarjejeniyar da ta keɓe masa ginin ta ƙare, gwamnati ta shiga neman wani ɗan haya. A 2024 babban mai binciken kuɗin gwamnatin Wales ya bayyana cewa an kashe fiye da fam miliyan 14 na jama'a a kan shirin, mafi yawansa a saye da gyaran masana'antar da ba a haɗa TVR ko ɗaya a cikinta ba.